Yadda Ake Haɗa Shayin Daddoya da Siracenta a Arlit

Daga Disamba zuwa Fabrairu, hunturu kan rufe Arlit da Akokan da ƙura da sanyin asuba, mura da kaikayin maƙogwaro su shiga gida gida. A wannan lokaci daddoya na da rana. 'Yar uwa ce ga tulsi da Indiyawa ke shukawa a tsakar gida, dukansu kuma suna ɗauke da yujinol, sinadarin da ke ba kanumfari ƙamshinsa, mai rage kumburi da kashe wasu ƙwayoyin cuta. Ƙananan gwaje-gwaje a Indiya sun nuna tulsi na iya tallafa wa garkuwar jiki.

Da farko a shuka ta a tsohon bokiti mai huda a gindi, a cakuɗa rairayi da takin awaki, a ajiye inda rana ba ta dukanta da azahar. A riƙa tsinke kan reshe kafin ya yi fure, ganye zai yawaita.

A tsinki ganyen da safe, a wanke da ruwan sha mai tsabta. Wanda za a adana a shanya shi cikin ɗaki, a rufa masa siririn ƙyalle saboda ƙura. In ya bushe har yana ruƙushewa a hannu, a zuba a kwalba.

Wajen haɗa shayi, a tafasa ruwa kofi biyu da 'yar citta a buta, a sauke, sannan a jefa ganye kamar goma. A rufe butar minti 10, don ƙamshin shi ne maganin, in an bar ta a buɗe ya gudu. A tace, a sa zuma da lemun tsami.

Sirace kuwa, a zuba ganye cikin tafin hannu a tukunyar ruwan zafi, a lulluɓa da mayafi a shaƙi tururin. Kada a yi wa ƙananan yara, don gudun ƙuna.

Mai ciki da mai shan maganin sukari ko na tsinka jini su fara tambayar likita. Sai dai ba kowane tari ne na hunturu ba: tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, an rufe mahaƙar COMINAK a 2021, amma tulin tarkacenta na nan. Daddoya ba ta wanke huhu daga ƙurar wannan tarkace. Ɗan'uwa, tarin da ya wuce mako biyu, a kai shi asibiti a auna.