Abin Da Ke Hana Kwamfuta Ganin Ma'adanan Waje Idan An Jona Fiye Da Ɗaya

Masu tura fina-finai da waƙoƙi, masu ɗaukar bidiyon biki da masu tace hotuna duk sun san wannan matsala. A jona ma'adanar waje, wato had-dis, guda ɗaya, ta fito lafiya. A ƙara ta biyu, sai ko dai ta ƙi fitowa, ko kuma ta farkon ta ɓace. Nan da nan hankali ya tashi, domin wataƙila bidiyon bikin da ba a kai wa masu shi ba yana ciki.

A mafi yawan lokuta ma'adanar ba ta mutu ba, kayan ciki ma suna nan. Abin da ya fi jawo asara shi ne gaggawar yin fomatin kafin a gano inda matsalar take. Ga matakan da ya kamata a bi a kwamfuta mai Windows, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Mataki na 1: A gwada su ɗaya bayan ɗaya

A cire dukkan ma'adanan, a kashe kwamfutar a sake kunnawa, sannan a jona guda ɗaya kai tsaye a jikinta. Idan ta fito, a cire ta a gwada ta gaba. Muddin kowacce tana aiki ita kaɗai, to lafiyarsu ƙalau, haɗa su ne ke kawo cikas. Wadda ta ƙi fitowa ita kaɗai kuwa, a canza mata waya da kafar USB, a kuma gwada ta a wata kwamfutar. Wayar nan mai faffaɗan kai da ke zuwa da ƙananan ma'adanai tana saurin sakin baki.

Mataki na 2: A duba ƙarfin wuta

Wannan ne babban dalili. Ƙaramar ma'adana mai inci 2.5 ba ta da caja, daga kafar USB take shan wuta. A ƙa'ida, kafar USB 2.0 tana ba da miliamfa 500 ne, ita kuma USB 3.0, wadda galibi cikinta shuɗi ne, tana ba da 900. Ma'adana mai faifai a ciki ta fi jan wuta a daidai lokacin da faifan zai fara juyawa, har takan kusa cinye abin da kafa ɗaya ke bayarwa.

Saboda haka idan aka kawo hob, 'yar na'urar nan da ke raba kafa ɗaya zuwa huɗu, aka jona mata ma'adanai uku, to abincin mutum ɗaya aka ajiye wa mutum uku. Alamar ita ce fitilar ma'adana ta kama amma ba a ji faifan ya tashi ba, ko a ji ɗan ƙara yana maimaituwa, ko ta riƙa fitowa tana ɓacewa.

Maganin shi ne a sami hob mai cajarsa ta kansa. A kwamfutar tebur, kafofin baya sun fi na gaba aminci, domin suna manne da babban allon kwamfutar. Laftop kuma a sa ta a caji. Manyan ma'adanai masu inci 3.5 dole sai da cajarsu mai bolt 12, kafar USB ba za ta tashe su ba.

Mataki na 3: A leƙa Disk Management

Rashin ganin ma'adana a This PC ba ya nufin Windows ba ta gan ta ba. A danna maɓallin Windows tare da X, a zaɓi Disk Management. A nan ake jera duk ma'adanan da kwamfutar ta gane: Disk 0, Disk 1, Disk 2. Abin da aka rubuta a gefen kowacce shi zai nuna matakin da za a ɗauka.

Idan an rubuta Healthy amma babu harafi kamar E ko F a jikinta, to suna kawai ta rasa. Hakan na faruwa idan harafin da ta saba amfani da shi ya ci karo da na wata ma'adanar. A danna ta da maɓallin dama na linzami, a zaɓi Change Drive Letter and Paths, a ba ta harafin da babu mai shi. Ya fi kyau kowace ma'adana ta sami nata harafin daga can ƙarshe, kamar R, S da T. Wannan ba ya taɓa fayil ko ɗaya.

Idan an rubuta Offline, mai yiwuwa lambar shaida ce ta ci karo. Kowace ma'adana tana da lambar da Windows ke gane ta da ita, kuma idan aka kwafe wata sukutum a kan wata da manhajar kwafi, har lambar ake kwashewa. Da Windows ta ga biyu da lamba ɗaya, sai ta dakatar da ta biyun. A danna sunanta da maɓallin dama a zaɓi Online, za a ba ta sabuwar lamba. Sai dai idan kwafin na tayar da Windows ne, canza lambar kan iya hana shi tayar da kwamfuta daga baya.

Mataki na 4: Inda ya kamata a tsaya cak

Idan aka ga RAW, ko Not Initialized, ko Windows ta fito da saƙo tana neman a yi fomatin, a danna Cancel. Sabuwar ma'adana fil wadda babu komai a ciki ce kaɗai ake yi wa Initialize hankali kwance.

Wani lokaci ma babu abin da ya lalace. Ma'adanar da aka tsara a kwamfutar Apple da tsarin APFS ko HFS+, ko a Linux da ext4, Windows ba ta karanta ta da kanta. A mayar da ita irin kwamfutar da ta fito, a kwashe kayan tukuna. Wanda ke yawo da ma'adana tsakanin Windows da Mac, tsarin exFAT ya fi dacewa da shi, domin duka biyun suna karantawa suna kuma rubutawa a kansa.

Idan kuwa a Windows aka saba amfani da ita sannan ta koma RAW, kada a ƙara zuba komai a ciki. A fara ceto fayilolin da manhaja irin su TestDisk ko PhotoRec, waɗanda kyauta ne, a ajiye su a wata ma'adanar daban.

Mataki na 5: Direbobi da tsimin wuta

Windows takan kashe kafofin USB don tsimin batir. A buɗe Device Manager, a shiga Universal Serial Bus controllers, a buɗe kowane USB Root Hub, a je Power Management, a cire alamar da ke ba kwamfuta damar kashe shi. Idan akwai na'ura mai alamar gargaɗi ruwan ɗorawa, a zaɓi Uninstall device, a sake kunna kwamfutar, Windows za ta mayar da direban da kanta.

Yaushe za a nemi ƙwararre?

Ma'adanar da ke ƙas-ƙas ko da an ba ta isasshiyar wuta da sabuwar waya, musamman bayan ta faɗi, ta sami rauni a ciki. Duk jonawar da aka ƙara yi mata na iya ƙara karce faifan. A cire ta, kada a buɗe ta a gida, a kai wa masu ceto bayanai.

Daga ƙarshe, a riƙa danna Eject kafin a zare ma'adana, a kuma guji tura manyan fayiloli a kwamfutar tebur da ba ta da UPS, domin ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu na daga cikin abubuwan da ke mayar da ma'adana RAW. Duk aikin da ba za a iya sake ɗauka ba, kamar bidiyon ɗaurin aure, a ajiye shi a ma'adanai biyu tun ranar da aka sauke shi daga kyamara.