Manhaja ta yi aiki a gida, ta ƙi a waje: amsar wasiƙun masu sauraro

Manhajar kwamfuta ba ta tsayawa da ƙafarta. Duk lokacin da aka kunna ta, tana jingina da wasu ƙananan fayilolin taimako, waɗanda suka riga suka taru a kwamfutar wanda ya rubuta ta ba tare da ya lura ba. Ƙunsa manhaja shi ne a tattara ta da duk abin da take jingina da shi a ƙunshi guda, yadda wani zai iya girka ta a Windows, ko macOS, ko Linux. Yawancin wasiƙun wannan mako kuka ɗaya suke yi: ta yi aiki a gida, an kai ta waje ta ƙi.

Wani ɗan'uwa daga Kano ya rubuta wa wani shagon magani manhajar lissafi, ya kai ta a filash, kwamfutar shagon ta ce ba ta ga VCRUNTIME140.dll ba. To, malam, wannan tambaya an amsa ta a shirin nan har murya ta dushe. Fayil ɗin yana cikin kayan taimakon Visual C++ na Microsoft. Kwamfutar mai rubutu tana da shi, ta shagon ba ta da shi. Maganin shi ne a cusa waɗannan kayan cikin magirkin manhajar, abin da Inno Setup da NSIS duk suna iya yi. A daina kwaso fayil ɗin daga kowane shafi a intanet, don nan ne ake sayo cuta da kuɗin data. Kafin a kai wa kowa manhaja, a gwada ta a kwamfutar da ba a taɓa yin aikin rubuta manhaja a kanta ba.

Wata ɗaliba daga Zariya tana amfani da PyInstaller wajen ƙunsa aikinta na Python, tana son ta fitar da na Mac daga kwamfutarta ta Windows. Ba ya yiwuwa, 'yar'uwa. PyInstaller yana kwashe kayan kwamfutar da yake kai ne, don haka na Windows a Windows ake haɗa shi, na Mac a Mac. Wanda ba shi da Mac sai ya ari ta aboki, ko ya yi amfani da kwamfutocin GitHub Actions, waɗanda ke haɗa manhaja a dukkan tsarukan uku. Ta ƙara da cewa manhajar kariya tana kama aikinta a matsayin bairos. Dalili shi ne ƙunshin fayil guda yana kwance kansa a wata ma'ajiya ta wucin gadi duk sanda aka kunna shi, ɗabi'ar da masu mugun nufi ma suke da ita; mai gadi ya ga mutum yana kwance kaya a duhu, dole ya daka tsawa. Ƙunsawa a folda yana rage wannan, kuma manhajar ta fi saurin tashi.

Hakan ya kai ga batun sa hannu, wanda wasiƙu biyu suka taɓo. Windows tana nuna gargaɗin SmartScreen ga manhajar da ba ta san mai ita ba. Takardar shaidar sa hannu sayenta ake yi, kuma tun daga Yunin 2023 dole mabuɗinta ya zauna a na'urar tsaro ta musamman. Apple ta fi tsanani. Tun zamanin macOS Catalina na 2019, sai an sa wa manhaja hannu, an aika wa Apple ta tantance ta, kafin Gatekeeper, mai gadin macOS, ya bar ta ta wuce lami lafiya, kuma rajistar masu rubuta manhaja dala 99 ce a shekara. Ga mai ƙirga ta da naira ko sefa, ba wasa ba ne. Sannan tun da Apple ta fito da masarrafar M1 a 2020, kwamfutocin Mac iri biyu ne, don haka ake haɗa ƙunshi mai ɗauke da na Intel da na sabuwar.

Wasiƙar da ta fi armashi daga Maraɗi ta zo. Mai wasiƙar ya ce manhajarsa tana aiki lafiya, amma da ya ajiye ta a foldar da ya raɗa wa suna "Ɗakin karatu" sai ta mutu, a wani wurin kuma ƙ da ɗ da ɓ suka koma alamar tambaya. Madalla da wannan tambaya, domin ciwon gida ne. Tsohon jadawalin haruffa na Windows mai lamba 1252 an yi shi ne don harsunan yammacin Turai, ba ƙugiya ko ɗaya a cikinsa. Python a Windows ta daɗe tana komawa ga irin wannan jadawali idan an buɗe fayil ba a faɗa mata komai ba, alhali Linux da macOS sun saba da UTF-8. Shi ya sa rubutu ɗaya yake fita lafiya a nan, ya fita a dagule a can. Mai rubutu ya ambaci UTF-8 ƙarara duk inda yake karanta fayil ko ajiye shi, ya kuma gwada manhajar a folda mai ƙugiya. Masu cire ƙugiyar don a huta kuwa, su tuna cewa ƙasa da kasa ba abu ɗaya ba ne. Sunayen fayiloli suna da wani tarkon: Linux tana bambanta babban baƙi da ƙarami, Windows ba ta damu ba, don haka "Hoto.png" da aka kira da ƙaramin baƙi zai ɓata a Linux kaɗai.

Linux ɗin ma, wani daga Kumasi ya ce manhajarsa tana kukan kayan taimakon GLIBC. Ya haɗa ta ne a sabon Ubuntu ya kai ta tsoho. Abin da aka haɗa a tsoho yakan yi aiki a sabo, amma ba akasin haka ba. A haɗa a tsarin da ya fi tsufa cikin waɗanda ake son tallafawa. Idan ƙunshin AppImage ne ya ƙi buɗewa a Ubuntu 22.04, a ba fayil ɗin izinin aiki, a girka libfuse2. Ƙunshin Flatpak da na Snap suna zuwa da nasu kayan, amma da nauyi.

Lokaci ya ja. Mai tambayar dalilin da ƙaramar manhajarsa ta Electron ta yi ƙiba: Chromium gaba ɗaya ke cikinta, ya duba Tauri a madadinta. Mai Windows 7 a shagon buga takardu: Python 3.8 ce ta ƙarshe da ke aiki a kanta. Shi kuma mai neman hanyar cire makullin lasisi daga manhajar wani, ba a wannan shiri ba.