Farin Tabo a Haƙori

In ka duba haƙoran yaranka da hasken safiya, wataƙila ka ga ɗan tabo fari fat kamar an ɗiga alli. Ba ya ciwo, don haka iyaye ba su kan kula ba. Amma fa farin tabo iri uku ne, ɗaya daga cikinsu kuwa mafarin ruɓewar haƙori ne. Wanda ya iya rarrabe su ya iya ceton haƙorin ɗansa.

Ka sani ko wane haƙori yana da ɓawo mai sheƙi wanda ya rufe shi, ba kuwa abin da ya fi shi tauri a jikin mutum. Amma in ya zaizaye ba ya sake tsirowa. Duk inda ɓawon nan ya yi rauni sai sheƙinsa ya dushe, wurin ya yi fari.

1. Tabon dauɗa

In mutum ya sha alewa ko lemon kwalba ko shayi mai sukari, bai goge baki ba, sai dauɗa ta taru a gindin haƙori. Cikin dauɗar nan akwai ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani. Su kan ci sukarin, su fid da wani ruwa mai tsami wanda ke narkar da ɓawon kaɗan kaɗan. Wannan shi ne abin da mutane ke kira tsutsar haƙori, ko da ya ke ba wata tsutsa a ciki.

Ga yadda za ka gane shi. Yana kwance a gefen dasashi, in ka share haƙorin ya bushe sai ka gan shi ba sheƙi, yana da kaushi. In an ƙyale shi sai ya rine, ya fashe, ya zama kogo. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To, tun bangon bai tsage ba wannan tabo yana warkewa.

2. Tabon ruwan sha

A cikin duwatsun wasu ƙasashe akwai wani gishiri da a ke kira fuloraid, ruwa ya kan narkar da shi. Kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa haƙori, amma in ya yi yawa sai ya ɓata haƙoran da ke ginuwa cikin dasashin yaro, watau daga haihuwa zuwa wajen shekara 8. Sa'ad da yaro ya yi famfara, sai sababbin haƙora su fito da fararen zane, dama da hagu daidai, wani lokaci har da ja-ja. Sau da yawa yaran da ke shan rijiya guda duk su kan yi shi.

A 1901 wani likitan haƙori, Frederick McKay, ya sauka garin Colorado Springs a Amurka, ya tarar 'yan garin da yawa haƙoransu da tabo. Ya yi shekaru yana bin sawun abin, sai a 1931 aka tabbata fuloraid ne cikin ruwa. Yanzu Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1.5 cikin lita guda. A ƙasarmu ma an san shi wajen Langtang a Jihar Filato. A Tibiri kuma, kusa da Maraɗi, ruwan rijiyar burtsatse ya ɓata haƙoran yara da yawa, har ƙasusuwan wasu suka tanƙware.

3. Tabon rashin lafiya

In jariri ya sha fama da zazzaɓi mai zafi, ko tamowa, ko kuwa ya faɗi ya bugi haƙorin nono, ɓawon haƙorin da ke ƙarƙashi ya kan fito da tawaya. Irin wannan ya fi bayyana a haƙori ɗaya ko kaɗan, wani da ɗan rami.

Magani

Na farko shi ne na gaggawa. A goge haƙora sau biyu kullum, safe da lokacin kwanciya, da buroshi da man goge baki mai fuloraid. In an gama a tofar, kada a kurkure. Asuwaki ma yana da kyau wajen kawar da dauɗa. A rage zaƙi tsakanin abinci, don miyau ya sami damar mayar wa ɓawon abin da ya rasa. Likitan haƙori kuma yana da wani magani da ya kan shafa a wurin don ya taurara.

Na biyu da na uku ba su goguwa, gama a cikin ɓawon su ke. Kada ka kankare su da gawayi ko toka ko yashi ko lemon tsami, ɓawon za ka cinye a banza. Likita ne ke iya goge saman a hankali, ko ya ɗura wani irin danƙo cikin tabon, ko ya lulluɓe fuskar haƙorin da abu mai kamarsa.

Rigakafi ya fi magani. Yaron da bai kai shekara 3 ba a sa masa man goge baki kamar ƙwayar shinkafa, daga 3 zuwa 6 kamar ƙwayar wake, a hana shi haɗiyewa. In yaran unguwa da yawa suna da tabo, ku roƙi ma'aikatan lafiya su auna ruwan rijiyarku. Tafasa ruwa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta raba shi da fuloraid, sai dai a sake wa ƙanana ruwan sha.

To, mai karatu, haƙoran nono 20 ne, suna da magada. Na manya 32 ne, ba su da magaji. Gobe da safe kira 'ya'yanka, ka ɗaga leɓensu ka duba.

Tambayoyi

1. Wane tabo ne ke zama kogo, ina kuma ya ke fitowa?
2. Don me yaran da ke shan rijiya guda su kan yi tabo iri ɗaya?
3. Don me ba a kankare tabo da gawayi?