Zaɓen Marmara Da Tsakuwa Da Kawo Su Wurin Aiki

Sau da yawa kuɗin aikin hanya tun wajen sayen kaya suke salwanta. Saboda haka wajibi ne Hakimi da malaminsa su lura da waɗannan abubuwa.

Zaɓe. Marmara ita ce ta daɓen hanya. A jiƙa ta a dunƙula a hannu. In ta kama, tsakuwarta kuwa ta fi laka yawa, to, ta yi. Wadda laka ta rinjaya santsi take yi da damina. Aikin siminti kuwa, kamar kwalbati, sai fasasshen dutse da yashin rafi. A girgiza yashin da ruwa cikin kwalba, a ajiye. In laka ta kwanta bisansa da kauri, a ƙi shi.

Awo. Ma'auni shi ne akwati mai mita 1 ta kowane gefe. Hanya mai tsawon mita 100, faɗi mita 4, kaurin daɓe santimita 15, tana cin akwati 60. A ƙara rubu'in wannan, gama marmara tana raguwa in an daɓe ta.

Kawowa. A gama jigila da rani, tun ƙasa ba ta jiƙa ba. Malami ya auna cikin kowace tifa, ya rubuta lambarta da sawunta nan take. Kada a biya ɗan kwangila sai bisa abin da littafi ya nuna. Kada kuma a juye kaya cikin magudanar ruwa.

Ramin da aka haƙa a cike shi, don kada ya zama kududdufi, matattarar sauro, mai cin yara.