Fasali a kan Abin da ke Hana Zuciya Barin Abin da Ta Ƙudurce

 

Ya kai muridi, Allah shi yi maka buɗi, ka sani 'yan'uwa da yawa sukan zo da kuka cewa sun kafa wa mutum hujja bayyananniya, amma ya ƙi. Sai su ce jahili ne ko kangararre. Galibi ba haka ba ne. Ɗan Adam ba ya riƙe abin da ya ƙudurce da hankali kaɗai. Yana riƙe shi da nonon da ya sha, da kunyar ubansa, da mazauninsa a cikin majalisa. In ka ce masa ya bari, abin da kunnensa ke ji shi ne ubansa ya ɓace, malaminsa ya ruɗe shi, shekarunsa sun tafi banza. Wa ke haɗiye wannan a zama ɗaya?

Dubi Abu Ɗalib. Shi ya reni Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsare shi daga Ƙuraishawa, bai taɓa jin ƙarya daga bakinsa ba. Da ajali ya zo masa, shekara ta 10 bayan aike, Annabi ya shiga ya roƙe shi kalma guda. Abu Jahli da Abdullahi ɗan Abu Umayya suna zaune a wurin. Ba su kawo hujja ko ɗaya ba. Sunan ubansa Abdul Muɗɗalib kawai suka riƙa maimaita masa, har ya tsaya a kan abin da ya tarar. Hakanan Buhari ya ruwaito. Hukuncinsa yana ga Allah, ba shi muke nufi ba. Nufinmu ka ga nauyin sunan uba a gaban idon jama'a.

In ka ce wannan halin wanda bai yi karatu ba ne, sai mu ce maka: ina Imamu Gazali? Yana karantarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, almajirai wajen 300 a gabansa, kuma ya riga ya sakankance a ransa cewa ba don Allah yake yi ba, don girma ne da suna. Sani bai ishe shi ba. Wata shida ya yi yana kai-kawo, tun daga Rajab na shekara ta 488, watau 1095 ta Miladiyya, ya ƙulla niyya da safe, ya warware da maraice, har harshensa ya ɗaure ya kasa ba da darasi, abinci ya ƙi shi. Sannan ya fita zuwa Sham. Shi da kansa ya ba da wannan labari a cikin littafinsa Munƙizu. To, in wanda ya kafa wa kansa hujja ya yi wata shida, don me kake son maƙwabcinka ya juya tsakanin azahar da la'asar?

Saboda haka ne Gazali ya lissafa cututtukan jayayya a cikin Ihya'u, irin su hassada da girman kai da ƙullaci. Mai jayayya a bainar jama'a rinjaye yake nema, abokinsa kuma mutuncinsa yake karewa. Duk hujjar da ka ƙara, ƙulli ka ƙara ja.

Amma hanyar tausasawa, koye ta daga Mus'abu ɗan Umairu, Allah shi yarda da shi, wanda aka aika Madina kafin hijira, ya sauka gidan As'adu ɗan Zurara. Usaidu ɗan Hudairu ya zo masa da mashi yana zagi, yana cewa ya fice musu. Mus'abu bai rama ba, bai ambaci gumakansa ba. Ya roƙe shi ya zauna ya saurara, in ya yarda ya karɓa, in ya ƙi a ɗauke masa abin da yake ƙi. Lura, ya ɗan'uwa: ya bar masa ƙofar fita a buɗe, shi ya sa ya iya zama. Usaidu ya ga an yi masa adalci, ya kafa mashinsa a ƙasa, ya saurari karatun Alƙur'ani, ya musulunta.

Sannan Usaidu ya yi dabara har Sa'adu ɗan Mu'azu, shugaban Banu Abdil Ashhal, ya zo shi ma da fushi. Aka yi masa magana iri ɗaya, ya zauna, ya karɓa. Da ya koma, shi ya kira mutanensa da kansa, ba baƙo ba, kuma kafin maraice maza da mata sun bi shi. Igiyar dangi da ta riƙe Abu Ɗalib, ita ce ta jawo waɗannan, domin babu wanda zai ji kunya a gaban ɗan'uwansa.

Duk da haka mutum ɗaya ya saura, ana ce da shi Usairimu. Ba a kore shi ba. Ya zauna a kan abinsa har ranar Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira, sannan ya musulunta, ya ɗauki takobi, ya yi shahada a wannan yini, bai ko sami yin salla ɗaya ba.