DARASI: CUTAR DA KE BIN HANNU ZUWA HANNU A WAYA DA KWAMFUTA

Kowane mai kiwon kaji ya san wannan. Ka sayo kaza a kasuwa, ga ta kamar lafiya lau, ka sake ta cikin naka. Kafin mako ya zagayo, sai ka ga sun fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Yadda annoba ta ke shiga akurki, haka wata irin cuta ta ke shiga waya da kwamfuta.

MECE CE WANNAN CUTA?

Ba ƙwaro ba ne mai rai. Wata muguwar manhaja ce da miyagun mutane su ke shiryawa, ana ce da ita bairos. Ta kan ɓata abin da ka ajiye, ta cinye data, wata ma ta kan karanta saƙon da banki ya aiko maka ta miƙa wa ɓarawo. Idan kai ne ma'ajin ƙungiyar manoma ko ta zumuntar mata, to, kuɗin jama'a ne ke cikin haɗari.

TA INA TA KE SHIGA?

A shekara ta 1999 aka buɗe Napster a Amurka, daga baya Kazaa da LimeWire su ka biyo. A irin wannan tsari mutum ya kan ɗauki waƙa ko fim kai tsaye daga kwamfutar wani ta intanet, babu mai tsaron ƙofa a tsakani. A 2002 wata cuta mai suna Benjamin ta bazu ta Kazaa. Dabararta ita ce ta sa wa kanta sunayen waƙoƙi da finafinai. Wanda ya ɗauka ya buɗe, ya kamu, shi kuma ya zama mai rabawa. Kotu ta dakatar da LimeWire a 2010, amma har yanzu ana irin wannan rabo ta BitTorrent. Waya ma ba ta tsira ba, gama a 2004 wata mai suna Cabir ta riƙa tsallakawa daga waya zuwa waya ta Bluetooth.

Mu a karkara, namu rabon ya kan bi ta Xender, da katin memori, da shagon mai turi a ranar kasuwa. Mai turin kansa sau da yawa bai san kwamfutarsa ta kamu ba.

YADDA ZA KA GANE

Dubi ƙarshen sunan abin da aka tura maka. Waƙa ta kan ƙare da .mp3, fim da .mp4. Idan ka ga .exe ko .apk, wannan manhaja ce, ba waƙa ba, ko da an sa mata sunan waƙar ƙungiyar mawaƙan ikilisiya. Kada ka buɗe. Wayar da ta kamu kuwa ta kan yi nauyi, batir ya ƙare da wuri, talla ta yi ta fitowa ba dalili.

MAGANI

1. Ware mara lafiya. Kashe data da Bluetooth, cire memori, ka daina tura wa kowa kome.
2. A wayar Android, duba jerin manhajoji, ka goge wadda ba ka san ta ba. Buɗe Play Store, ka sa Play Protect ya bincika wayar.
3. A kwamfutar Windows akwai Microsoft Defender. Sabunta shi, ka sa ya bincika kwamfutar duka tare da memorin.
4. Idan hotuna da takardu sun ɓace a memori, kada ka yi garajen share shi. Sau da dama cutar ɓoye su kawai ta yi, wanda ya iya zai fito da su.
5. Idan abin ya ƙi, kwashe lambobi da hotuna, ka mai da wayar yadda ta fito daga kamfani.
6. Canza lambar sirri ta banki, amma ka yi wannan a wata waya mai lafiya.

Riga-kafi ya fi magani. Ɗauki manhaja daga Play Store kaɗai, ba daga hannun aboki ba. Wayar da ke riƙe da kuɗin ƙungiya kuwa, kada a kai ta shagon turi.

HAKKIN ƊAN'UWA

Ku karanta Galatiyawa 5:9, inda Manzo Bulus ya yi misali da yisti. Wanda ya san kazarsa ba lafiya ba ya kai ta gidan maƙwabci. Idan wayarka ta kamu, gaya wa wanda ya tura maka, da waɗanda ka tura wa. Babu abin kunya a ciki.

TAMBAYOYI

1. Wane ne ke riƙe da wayar kuɗin ƙungiyarku, su wa kuma ke taɓa ta?
2. Mene ne abu na fari da za ka yi idan wayarka ta kamu?
3. Yaya za ku taimaki mai turi na garinku ya tsabtace kwamfutarsa?