Zaren Sakace Wanda Ƙasa Za Ta Iya Ci

Sa'ad da aka tura mu koyarwar gwaji, an ba ni darasin tsabta a aji shida. Na nuna wa yara asuwaki da buroshi, sa'an nan na fito da zaren sakace, watau siririn zaren nan da akan zura tsakanin haƙora don a fid da guntun nama da dauɗar da buroshi ba ya kai wa gare ta. Ina cikin bayani sai wata yarinya ta ce, "Malam, in an gama ina zaren yake zuwa?" Na ce a yar. Ta ce, "To, kajinmu fa?" Yara suka yi dariya, ni kuwa kunya ta kama ni, gama na sha ganin kaza da zare ya naɗe mata ƙafa har yatsa ya kumbura. Shi ya sa na koma na bincika.

Asalin zaren nan siliki ne. Wani likitan haƙori a Amurka, Levi Spear Parmly, shi ya ba da shawararsa cikin littafinsa na 1819. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu siliki ya yi wuya, sai nailan ya maye gurbinsa. Nailan yana da ƙarfi da araha, amma dangin roba ne, ba ya ruɓa cikin ƙasa kamar ganye.

Bari mu yi ɗan lissafi. Likitoci sukan ce a yanki inci 18 kowace rana, rabin yadi ke nan. A shekara mutum ɗaya zai yar da yadi 182 da rabi. Yara 40 kuwa yadi 7,300, fiye da mil 4 na zare. Ashe tambayar yarinyar nan ba ta wasa ba ce.

Yanzu ana sayar da zare iri iri da akan rubuta wa cewa yana ruɓa, a nan ne mai saye zai buɗe ido. Akwai wanda akan yi da wata roba daga masara, ana ce da ita PLA. Gaskiya ne tana ruɓa, amma sai a manyan wuraren yin taki inda zafi yakan kai kamar digiri 58 ya daɗe a haka makonni. Ramin takin gida ba safai yakan riƙe wannan zafi ba. Akwai kuma baƙin zare da akan ce na gawayin gora ne. Ni kaina shi na fara saye da 'yan kuɗin guzurina, sai da na karanta ƙananan rubutun bayan kwalin na ga an gauraya shi da roba. Saboda haka kada hoton ganye a kan kwali ya ruɗe ku, 'yan'uwa. Ku nemi inda aka faɗi abin da aka yi zaren da shi.

Wanda na fi amincewa da shi shi ne siliki zalla, da aka shafa wa kakin zuma ko kakin tsiro. Wasu sukan zo cikin 'yar kwalba, in ya ƙare a sayi zaren kaɗai a mayar. Ba zan ɓoye aibinsa ba: ya fi tsada, yakan tsinke in haƙora sun matse ƙwarai, kuma akan kashe tsutsar siliki kafin a sami zaren, abin da wasu ba su so. Mai amfani da shi ya ja a hankali, kada ya yanki dasashi, in ya gama ya guntule shi ƙanana kafin ya sa a ramin taki.

Don kada in koyar da abin da ban gani ba, da farkon damina na ɗaure iri uku a jikin turaku, na binne cikin ramin takin lambun makaranta. Bayan girbi muka tona tare da yara. Silikin ya rududduge, da ƙyar muka ga burbushinsa. Na masara yana nan, sai dai ya sauya launi. Nailan kuwa yarinyar nan ta ja shi da hannu biyu bai tsinke ba. Na sa shi a ambulan, zan nuna wa ajin baɗi.